Talabijin Biyu da Idon Hagu na Maigidana

Ni dai ban roƙi kowa talabijin ba. Muna da tamu ƙarama mai ƙusumbi, tana kan kabad shekara da shekaru, in ta yi gardama a ɗan mare ta a gefe ta dawo hayyacinta. Ƙanena ne ya jajibo mana abin, shi da yake gyaran rediyo da talabijin a wata rumfa bakin kasuwar Goronyo. Wani abokin harkarsa a Legas ya haɗo masa kayan Balgiyam, irin waɗanda Turawa suka gama yayinsu suka yar, a ciki har da manyan talabijin biyu falle-falle. Maigidana direban babbar mota ne, albasa yake ɗauka daga nan yankinmu ya kai kudu. Shi ya ɗoro masa kayan a dawowa, ya kuma rantse ba zai karɓi komai ba. Shi ne ƙanen nawa ya ce to sai dai ya zaɓi ɗaya cikin biyun, kyauta. Zai kawo mana su gida Wurno ɗaya bayan ɗaya, kowacce ta yi mako, wadda ta kwanta masa a rai ita ce tasa.

Ranar da ya kawo ta farko a bayan babur, maigidan yana kan hanya. Ƙanen nawa ya shigo yana haki, ya jingine ta da bango, ya ce, "Adda, wagga ba irin taku ta ba. In kin sa tabarau, abin da ac ciki hitowa shika yi, har ki miƙa hannu ki ce taɓa shi za ki yi."

Na ce, "Mi za ya hito? Aljannu ka kawo muna cikin gida?"

Ya yi dariya ya tayar da janareto, ya sa aka saki labule, ya zura wani faifai na kifayen teku da ya zo tare da ita. Ba tabarau hoton duk a jagule yake, kowane kifi da inuwarsa a gefe. Sai ya ɗora mini wani tabarau baƙi mai nauyi, ya danna wani ɗan maɓalli a jikinsa. Wallahi sai da na yi salati. Bangon ɗakina ya buɗe ya zama rami mai zurfi cike da ruwa, ga wani ƙaton kifi mai haƙora ya nufo fuskata. Na cire abin na yi jifa da shi kan katifa, yara suna ta ƙyalƙyala mini dariya.

Ƙanena mutum ne mai son bayani, in ya fara sai ka ce wa'azi. Ya ce wannan tabarau batir gare shi, kuma magana yake da talabijin ɗin. Ita takan nuna hoton idon dama, sai tabarau ya rufe na hagu, ta nuna na hagu, sai ya rufe na dama, haka suke ta yi bi da bi da saurin da ido ba ya iya kamawa. Kowane ido yana samun nasa hoton cikakke, shi ya sa yake fita tsaf har kana ganin ɓawon kifi. Aibinta, in ji shi, duhu, da nauyi a karan hanci, da ƙifce-ƙifce in akwai wani haske a ɗakin. Wasu ma takan sa musu ciwon kai. Sannan tabarau ɗinta uku ne kacal, kuma a cikin ukun ɗaya ya lalace. Gilashinsa na hagu ya mutu, ya yi baƙi ƙirin kamar an zuba masa tawada. Ya ce a ajiye wannan, zai nemo wani.

Yara suka yi ta dambe kan biyun masu kyau, ni kuma na ɗora lalataccen a kan kabad na manta da shi.

Maigidan ya dawo tsakiyar makon. Ya yi wanka, ya ci abinci, bayan la'asar ya shigo ya tarar yara sun ƙame gaban kifayensu. Shi ba ya ƙwace abu a hannun yaro. Ya duba kan kabad ya ɗauki wanda ya gani, ya sa, ya zauna a kujerarsa. Ina bakin ƙofa da tire a hannu, har na buɗe baki in ce masa wannan ai matacce ne, sai na ga ya gyara zama. Na tsaya ina jira ya cire ya ce wane irin shirme ne wannan. Bai cire ba. Ya kalli faifan nan har ƙarshe, sannan ya ce, "Hoto dai ya yi kyau, sai dai duhu. Amma ni ban ga abin da ya hito ba. Ƙanenki dai da zuzuta abu."

Da ya fita masallaci na ɗauki tabarau ɗin na sa. Nan take na ji kamar an ɗora mini tafin hannu a rabin fuska. Babu mai ido biyu da zai sa wannan abu ya yi ko numfashi ɗaya bai ce an rufe masa ido ba. Gabana ya faɗi. Na zauna bakin gado, tabarau a cinya.

Washegari na kori yara na ba shi mai kyau da hannuna. Na ce jiya matacce ya sa, shi ya sa bai ga komai ba. Ya ɗan dube ni, ya karɓa. Wannan karon ma kifin ya zo ya wuce, ko gezau bai yi ba. Ya ce abin yana masa ƙifce-ƙifce, ya cire. Na kira ƙanena a waya na ce yayanka fa har yanzu bai ga komai ba, ban gaya masa sauran ba. Shi kuma ya shiga jero mini dalilai. Wataƙila batir ya yi sanyi. Wataƙila hasken taga ne. Ko kun kunna dogon ƙwan nan? To shi ne, ba sa shiri. Ko janareto ne ba ya ba da wuta daidai. Ko kuma ya zauna a karkace, tabarau ya daina jin talabijin. Kowane dalili ya faɗa sai in rungume shi. Na kai tabarau caji, na toshe taga da bargo, na kashe ƙwai, na ja masa kujera tsakiya. In bai gani ba sai in ce to saura abu kaza ban gyara ba. Allah Ya sani na so wannan talabijin mai batir, don kullum tana da abin da za a ɗora wa laifi.

Amma zuciya ba ta barin mutum. Ina tuƙa tuwo abubuwa suna dawo mini. Yadda ya koma zuba shayi a gefen kofi ya ce butar ce ke yoyo. Yadda kafaɗarsa ke dukan ƙofar zaure, kullum ta ɓangare guda. Yadda in an gaishe shi ta hagu yake juyo da kansa gaba ɗaya kamar mai ciwon wuya. Na tuna dogon karcen da na gani a jikin motar da sallar bara, tun daga ƙofar direba har baya, ya ce wani mai tirela ne ya goge shi. Duk na gani, duk na wuce, don idon nasa garau yake, ba ja, ba fari, ba hawaye. Kuma ko ni da ban taɓa riƙe sitiyari ba na san a hagu direba ke zama, ta hagu mota mai zuwa ke wucewa, ta hagu ake shan gaban wata. Sai in ga hanyar kudu a raina, da gangarenta da tankokin mai, da shi a sama da albasa maƙil a bayansa. In na kai nan sai muciya ta tsaya a hannuna, har tuwo ya kama.

Wani zai ce me ya hana ki tambaye shi? Wanda bai zauna gidan direba ba ne zai faɗi haka. A gidajenmu ba a ambaton mugun abu ga mai tafiya. Ko mafarki kika yi, sadaka za ki yi ki ja bakinki. In kika ce ina jin tsoron kaza, kuma kaza ya faru, har ki mutu ke ce mai mugun baki. Ga shi ba mu da gona, ba mu da rumfa, idon nan da shi muke ci. Ga shi kuma da zuciya, ni ma ba baya ba. Na yi shiru, amma na rame cikin 'yan kwanakin nan har maƙwabciyata ta tambaye ni ko zazzaɓi nake.

Mako ya cika, ƙanena ya zo da ta biyun ya ɗauke ta farko. Ya zazzage wata leda a tabarma, tabarau suka zubo birjik, marasa nauyi kamar na 'yan gayu da ake sayarwa a tasha. Ya ce wannan ba batir, ba maɓalli, ba caji. Dabarar a jikin gilashin talabijin take. An raba hoton layi-layi, wannan layi na idon dama, na ƙasansa na hagu, duk a lokaci guda, kowane gilashin tabarau yana tace nasa ya bar wa ɗan'uwansa saura. Tana da haske, ba ta ƙifce-ƙifce, ba ta sa ciwon kai. Sai dai tunda rabin layuka kowane ido ke samu, ba ta kai waccan fita ba, in ka matso kusa za ka ga zane-zane. Shi dai waccan ya fi so, ya ce wannan ta masu yara ce.

Da farko ma ta ƙi mu. Mun ɗora ta kan kabad, mu kuma muna ƙasa kan tabarma yadda muka saba, sai hoto ya rabu biyu. Na ji wani daɗi ya ratsa ni, na ce ashe ita ma tana da nata. Ƙanena ya ce a'a, ita dai so take ta yi daidai da idon mai kallo, ba a kallonta daga ƙasa. Aka shigo da bencin zaure aka sauko da ita, hoto ya haɗe. Ya tafa hannu ya ce, "To Yaya, yau ba ka da mahita. Wagga ba ta da batir balle ka ce ya mutu." Wasa yake, irin na ƙanen mata da mijin ya.

Wannan karon kowa ya samu tabarau, aka zauna gaba ɗaya. Na sa nawa don kada a tambaye ni, na koma baya kusa da ƙofa. Ban kalli kifi ko ɗaya ba, ƙeyar maigidan nake kallo. Ina ta addu'a a zuci, Allah Ka sa ya zabura, Allah Ka sa ni ce mahaukaciya.

Ƙaton kifin ya taho. Yara suka kwanta da baya suna ihu, ƙanena da ya san abin ma sai da ya kauce. Maigidan yana zaune ƙyam. Sai da ihun ya tashi, sannan ya sunkuyar da kai ya ɗaga hannu, ya ce, "Kai! Wagga kam ta hito!" Na ce ko idona ne. Na jira na gaba. Haka ya sake yi, yara su fara, shi ya bi. Kunnensa ne ke kallon, ba idonsa ba. Da aka gama ya dafa kafaɗar ƙanena yana dariya ya ce wannan ya zaɓa, waccan ta cika fitina.

Wannan dariyar ta fi komai tsorata ni. Da ina cewa wataƙila bai sani ba, abu ne ya lallaɓo shi a hankali. Yanzu na gane ya sani sarai, kuma ya shirya ɓoyewa. Ga shi an riga an gaya masa gobe akwai lodi.

Ƙanena ya tafi kafin magariba. Na tura yara gidan maƙwabta, na sami maigidan a tsakar gida yana wanke ƙafa. Na durƙusa na ce, "Malam, don Allah ruhe idonka na dama ka dube ni."

Ya ci gaba da zuba ruwa. "Mi kika nuhi?"

"Ka san abin da nika nuhi."

Ya ajiye butar a hankali. Ya ce, "Gobe ina da tahiya, shi na za ki yi min mugun baki?"

Nan na manta da duk wata al'ada. Na ce mugun baki ko kyakkyawa, na ga abin da na gani. Na ce ya sa matacce bai sani ba, ya bi ihun yara yana ƙarya da girmansa. Na ce in bai ji tausayina ba, ya ji na wanda zai taho a babur ta hagunsa da matarsa a baya.

Da ya yi magana, murya ƙasa-ƙasa ya yi, kuma na fi son ya daka mini tsawa. Ya ce tun kakar albasa ta bara abin ya fara, kamar hayaƙi daga gefe, har ya rufe. Ya ce ɗaya ya ishe shi, hanyar nan ya san ta kamar tsakar gidan nan. Ya ce in mai mota ya ji, ranar zai karɓe makulli, kuma babu wanda zai sake ba shi ko amalanke. "Sannan mi za ku ci? Talabijin?" Ya miƙe ya ɗauki hularsa. A bakin zaure ya juyo ya ce maganar nan in ta fita daga gidan nan, to in san daga bakina ta fita.

Da safe yana haɗa jakarsa, na yafa mayafi na ce zan karɓo gari. Ban nufi injin niƙa ba. Na nufi tsohuwar unguwa, gidan da aka haife shi, inda mahaifiyarsa take. Tsohuwa ce ƙanƙanuwa, ba ta cika magana ba, kuma tun da aka kawo ni ban taɓa kai mata ƙarar ɗanta ba. Na san abin da nake shirin yi zai iya cinye aurena. Na kuma san a duk faɗin duniya bakinta kaɗai zai iya sauko da shi daga motar nan. Na same ta tana tsince wake. Na gaishe ta, na faɗa mata kaina a ƙasa, ban rage komai ba.

Ba ta yi salati ba, ba ta yi kuka ba. Ta ture faifan waken, ta ce in miƙo mata takalmanta.

Muka tarar da shi a zaure, jaka a kafaɗa. Da ya ga Inna ya dube ni sau ɗaya, sannan ya durƙusa ya gaishe ta. Ba ta amsa ba. Ta matsa ta sa tafin hannunta ta rufe masa idon dama, da ɗaya hannun ta kunce bakin zanenta ta ciro goro ta ɗaga a gaban fuskarsa.

Ta ce, "Mi na riƙa?"

Ina jin kukan awakin maƙwabta.

"Da kai nika magana. Mi na riƙa?"

Ya ce, "Inna, ba ni gani."

Ta sauke hannunta. Ta ce, "To ka ji da kyau. In ka sake kama sitiyari, ban yahe maka nonon da ka sha ba." Ta juya ta fita, ko ruwa ba ta sha ba. Ya daɗe a durƙushe, jakar tana rataye a kafaɗarsa. Daga baya ya ciro makulli ya aika wa mai mota, wani direban ya tafi da albasar.

Ƙanena ne ya raka shi asibitin ido a Sakkwato. Suka ce hawan jinin ido ne. Na hagu ya riga ya tafi, ba ya dawowa. Na dama ma ya fara taɓuwa daga gefe, amma in ana ɗiga magani kullum ba fashi, ana sa ran riƙe abin da ya saura. Da ƙanena ya faɗa mini wannan na biyun, sai da na yi salati. Ashe da rabin ido da wani abu yake hawa hanyar nan.

Yanzu yana zama wurin 'yan albasa ranakun kasuwa, yana haɗa masu kaya da direbobi, ana ba shi abin da ya samu. Ba ya kai na da, mun rage abubuwa da yawa, ni ma na kama suyar ƙosai. Ni ke ɗiga masa maganin safe da yamma, don in an bar shi sai ya ce ya manta. Kullum in na ɗaga fatar idon nan sai in tsaya ina duba shi ina tambayar kaina ko yau ya rage. Ba ya faɗa mini, ni ma ba na tambaya.

Bai sake ni ba, bai kuma taɓa tayar da maganar ba. Muna gaisawa, muna hira, wani lokaci har dariya. Amma in ya ji kukan babbar mota ta ɗauki hanya da lodi, nakan ga fuskarsa ta canja. Ranar in na kawo abinci na zauna a damansa, sai ya ɗauki kwanonsa ya gyara zama, ya juyo mini da ɓangaren hagu, ya ci abincinsa har ya gama ina nan zaune kusa da shi.